Shinkafa a Kan Lasifika

Jitar ta zo hannuna ba tare da muryarta ba. Wani ɗan bautar ƙasa da ya yi haya kusa da gidanmu a unguwar Gesse ne ya bar mini ita ranar da zai koma garinsu. Irin wadda sai an jona ta da amfilifaya, akwatin ƙara sauti, take magana ce, amfilifayar kuwa ya riga ya sayar. Idan na kaɗa tsirkiya, abin da ke fitowa bai fi kukan sauro ba. Hakan ya yi mini daidai, domin ni ko a aji malami ya kira ni sai gumi ya keto mini. Shekara biyu ina koyo a ɗaki, ƙofa a rufe.

Abin da na fi son in iya shi ne waƙar Kawu. Kawu yayan Inna ne, masunci a Argungu. Da muna yara, idan aka kai mu hutu, nakan zauna gefensa yana gyaran homa yana rera wata waƙa ta hanci, ba kalma ko ɗaya a cikinta. Ya ce a bakin mahaifinsa ya ji ta. Daga baya kunnensa ya yi nauyi, da ya daina jin kansa sai ya daina rerawa.

Na lalubo waƙar a kan tsirkiya kaɗan-kaɗan, amma ƙarshenta ya ɓace mini. Wani lokaci in ji kamar sama take hawa, wani lokaci kamar sauka take yi. Na rubuta duka biyun a littafina. Mutum ɗaya ne ya rage da zai raba gardamar.

Na ɗauki jita na tafi Argungu. Na zauna dab da shi a gindin dogon yaron ƙofar gida, na kaɗa daga farko har ƙarshe, yana kallon yatsuna. Da na gama sai ya ce, "To, ɗan Inna, fara mana mu ji."

Matarsa ta yi dariya, sannan ta kawar da kai.

Na dawo Birnin Kebbi na shiga bincike yadda na saba yi wa jarrabawa. Mako uku ina karatu a waya, na ja layuka a littafi: ƙarfin kowace amfilifaya, faɗin lasifikarta, nauyinta, da sauransu. Hukuncin da na yanke mai sauƙi ne. Kunne ya yi nauyi, saboda haka wadda ta fi kowace ƙara nake bukata.

A kasuwa na same ta, sabuwa, ta roba, da fitilu masu walƙiya. Mai shagon ya mirɗa ta har gilashin shagon ya ɗauki rawa. Saura kaɗan in biya, sai aka ga wayar jitata ba ta shiga raminta. Ya tura ni bayan layi wurin wani dattijo mai gyaran rediyo da lasifikokin masallaci, ya canza mini kan wayar.

Dattijon ya karɓi wayar, ya dube ni ta saman tabarau.

"Ɗan makaranta, biki za ka kiɗa?"

"A'a, Baba. Mutum ɗaya ne."

"Mutum guda ka biɗo wa tsawa? Mi yai maka?"

Ban yi niyyar faɗa ba, amma na faɗa masa komai, har da "fara mana mu ji". Bai yi dariya ba. Ya ajiye wayar ya ce shekarunsa a gyaran lasifikokin masallaci sun koya masa abu ɗaya: kunnen tsoho siririyar murya yake fara yarwa. Tsofaffin da ke ƙorafin ba su jin ladan, su ne ke jin injin ban ruwa daga fadama. "Waccan ta roba tsiwa gare ta, ba ta da ƙirji. Kai za ta kurumta, shi ko ba ya jin komi." Sai ya ƙara da cewa, "Gidan nashi akwai wuta?"

Na duba littafina kamar amsar tana ciki. Layi bakwai na ja, babu na wuta. Gidan Kawu batirin sola gare su, da shi suke cajin waya.

Ya shiga ciki ya jawo wani akwatin katako, amfilifaya ce ta hannu, gefenta ya goge, maɓallinta ɗaya ma ba nata ba ne. Ya ce tana aiki da batir. Ya kwantar da ita ta baya, ya kwance ragar gaba, faffaɗar lasifikar na kallon sama. Daga wani gwangwani ya ɗebo tsabar shinkafa ya barbaɗa a kai.

"Haka nike gwada su. In ta yi rawa ko'ina daidai, lafiya lau. In ta taru gefe guda ko ka ji ƙarar tsaga, to takardar lasifikar ta yage. Kiɗa."

"A nan?"

"A'a, Makka. Ba ni sai da lasifika sai mai ita ya ji ta da hannunai."

Rumfar a buɗe take. 'Yan kabu-kabu uku na hutawa kan baburansu a inuwa, ga mai sayar da albasa a gefe. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Malam boko zai tashe mu! Ku ba shi fili." Na kafa ido a kan shinkafar don kada in ga fuskar kowa, na taɓa tsirkiya mai kauri.

Ban taɓa jin muryar jitata ba sai ranar. Ta fito da kauri, na ji ta a cikina kafin kunnena. Shinkafar ta yi tsalle gaba ɗaya ta zube, ta sake tashi. Na ci gaba don in ga yadda za ta yi, ban ankara ba na kai tsakiyar waƙar Kawu. Da na tsaya, mai albasa ya ce, "Kai, wanga kiɗan bakin ruwa ne." Na biya dattijon kuɗinta. Ɗan kabu-kabun da ya tsokane ni shi ya ɗaure akwatin a bayan babur, yana ta gargaɗina kada in bari ta sha rana.

Ranar Asabar na isa Argungu bayan azahar. Muka fito da batir gindin bishiya. Na kwantar da akwatin, na roƙi matar Kawu tsabar shinkafa na barbaɗa.

"Boko ta koya maka ɓarnar abinci?" in ji Kawu da ƙarfi, yadda masu nauyin kunne ke magana.

Na kaɗa. Ya zuba wa shinkafar ido tana tashi tana sauka. Can sai ya matso da tabarmarsa, ya ɗora tafin hannu a jikin katakon, kamar yadda yake riƙe sandar homa a ruwa yana jiran motsin kifi. Ya sunkuyo da kunnen dama. Na ga leɓɓansa sun fara motsi.

Na kai ƙarshe, na bi ta hanyar da ke hawa sama. Ya girgiza kai. Na koma na bi wadda ke sauka. Ya sake girgiza kai, har da tsaki.

"Duka biyun ba su ne ba?" na tambaya da ƙarfi.

"Wa ya ce maka nan taka ƙarewa? Ka yanke mata wutsiya!"

Bai ɗauke hannunsa daga katakon ba. Ya gyara murya ya fara rerawa ta hanci, muryar a dushe, tana kaucewa tana dawowa. Ashe akwai wani sashe guda da na manta ɗungurungum, mai saukowa a hankali ya koma farkon waƙar. Matarsa ta fito daga ɗaki da ludayi a hannu ta tsaya a bakin ƙofa.

Na jawo littafina zan rubuta. Ya buge mini hannu.

"Aje takardar nan. Bi ni."

Na bi shi. Sau biyar muka maimaita kafin ya yarda da ni, kaji kuma suka cinye shinkafar da ta zubo ƙasa.