Ɗakin Takardun Malam Sada

Malam Sada mutumin Daura ne. Ya zo Alƙahira karatu tun yana saurayi, karatun ya ƙare, shi kuwa ya maƙale. Lokacin da na san shi, a 2011, yana aiki a wani ɗan shagon kwafin takardu a unguwar Hayyin Ashir, inda mu ɗalibai muke kai littattafan tafsiri da fiƙihu. Injin shagon tsoho ne mai taurin kai, ba ya yini bai ɓata shafuka ba.

Wani zai dunƙule shafin ya jefa a shara. Malam Sada sai ya duba tukuna. In ya ga aya ko sunan Allah, ya ninke ya sa a aljihu, kamar yadda mahaifiyarsa ta koya masa tun yana yaro. A Daura abin ba wuya, ka ƙona ko ka haƙa rami. To a ɗakinsa na haya a hawa na biyar fa? Ya taɓa gwada ƙonawa a saman bene, maƙwabta suka ga hayaƙi suka yi masa ca, mai gidan ya ce in ya sake ya tattara nasa ya nasa. Ƙasa kuwa duk siminti ne da kwalta. Sai ya shiga tarawa a buhuna, har ya zama in ka je gaishe shi a ƙofa za ka tsaya, don shi kansa a takure yake kwana.

Nakan tsokane shi in ce takardu ne masu ɗakin, shi ɗan haya ne. Ya yi murmushi kawai.

Abin ya daina ba ni dariya a 2014, lokacin da ƙanensa Jibrin ya fara kira daga gida. Jikin Inna, mahaifiyarsu, ya yi nauyi, kullum tambayarta yaushe Sada zai zo. An haɗa masa kuɗin jirgi, amma ya kasa sa rana.

"Munir, ranar da na ba da mabuɗi, masu kwasar shara za a kira," in ji shi. "Su zuba sunan Ubangiji cikin ɓawon kankana. Da wane ido zan dubi Inna?"

Na ji haushinsa ƙwarai, na kuma ji tausayinsa. Wata rana na ce, "Yalla, Malam, tashi in kai ka ka ga waɗanda suka riga ka."

Muka hau jirgin ƙasa zuwa tsohuwar Alƙahira, muka bi lunguna har wurin ibadar Yahudawa da ake kira Ben Ezra. Wata Bamisriya mai zagayawa da baƙi ta nuna mana sama, wajen da mata suke zama a da. Ta ce a can akwai wata kafa a bango, bayanta kuma ɗaki ne. Yahudawan unguwar ba sa zubar da rubutun da ke ɗauke da sunan Allah, sai su jefa shi ta kafar nan. Sun yi ta jefawa kusan shekara dubu. Suna kiran irin wannan ma'aji geniza.

Malam Sada ya dafa kafaɗata.

Matar ta ci gaba. A ƙarshen ƙarni na goma sha tara labarin ɗakin ya kai kunnen masana a Turai, wani malami ya zo daga Ingila, ya sha ƙura, ya kwashi guntaye sama da dubu ɗari. A ciki an samu littattafan addini da addu'o'i, da takardun aure, da saƙonnin fatake, har da shafukan da yara suka koyi baƙaƙe a kansu. Da yawa Larabci ne aka rubuta da haruffan Ibrananci. Busasshiyar iskar Masar ce ta hana su ruɓewa. Har yau masana na haɗa guntayen, wani lokaci rabin shafi na wata ƙasa, rabinsa na wata.

"To da can me ya kamata su yi da su?" Malam Sada ya tambaya.

Ta ce bisa al'adarsu, in ma'aji ya cika, a maƙabarta ake binne takardun kamar yadda ake binne mutum.

A hanyar dawowa ya ce, "Maƙabarta. Shekarun nan duk ban taɓa tunanin maƙabarta ba."

Muka samu wani mai gadin kaburbura a bayan gari, ya yarda ya haƙa mana rami a gefe. Na ɗauka magana ta ƙare, ashe da sauran rina a kaba. Malam Sada ya ce bai dace a binne ayoyi haɗe da tarkacen da suka cuɗanya da su ba, sai ya bi buhunan shafi-shafi. Na ce, "Khalas, ya isa, Malam, a zuba haka nan." Ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri, ɗan'uwa, kaɗan ya rage." Kullum kaɗan ya rage. Makonni suka shuɗe, Jibrin na kira, ni ina faɗa, shi yana ninke takarda.

Ranar da muka kai buhu na ƙarshe, ya tsaya a bakin ramin ya yi addu'a, fuskarsa ta saki kamar wanda aka sauke wa kaya. Da muka dawo ya share ɗakin, na ga ashe har taga gare shi. Ya kira Jibrin da murna don ya ce a gaya wa Inna yana tafe. Sai Jibrin ya ce tun shekaranjiya aka yi jana'izarta, sun rasa yadda za su gaya masa.

Bai tafi ba. Ya ce wa zai je ya tarar. Bayan zaman makoki ya koma shago, injin ma ya koma halinsa.

A farkon 2015, ina shirin komawa gida, na je yi masa sallama. A karon farko ya ce in shigo in zauna. Ɗakin fes, ga tabarma, ga haske ta taga. Ina shan shayi idona ya kai kusurwa, na ga sabon buhu, an riga an fara zuba masa.