Shagunan Alhaji Mika'ilu

In ana lissafin waɗanda suka gina Dutse, Alhaji Mika'ilu na Limawa yakan sa kansa a sahun gaba. Abin da ya gina shaguna shida ne a jere, na bulo, ba rufin sama sai kwano.

Shekarar da aka ba da jiha, Dutse ta zama hedkwata, ya sayar da shanun da ya gada. Ya ga ma'aikata suna sauka daga motocin Kano da jakunkuna, kowa yana neman inda zai ci abinci ya yi aski. Yayansa Modibbo, wanda ya riƙe nasa rabon garken, ya zo ya zagaya ginin, ya ƙwanƙwasa bango da sanda.

"Mika'ilu, wannan yaushe za ta haihu?"

Tambayar nan ta zauna wa Alhaji a rai shekara goma. Ya raɗa wa kowane shago sunan saniyar da ta tafi a kansa, kuma kullum da safe yakan bi su ɗaya bayan ɗaya yana duba lafiyarsu. Mai aski yana Raneye, mai buga takardu da tela da mai kanti suna tsakiya, Zuwaira mai abinci tana Guntuwa, na ƙarshe gidan kallo. Litinin zuwa Alhamis layin a cike yake. Ran Juma'a ma'aikata su koma Kano wurin iyalansu, masu zuwa kallo su riƙe layin.

Da aka ƙaddamar da shari'a, mai gidan kallo bai jira an ce masa komai ba, ya ɗora talabijin a mota ya tafi. Alhaji ya yi hamdala, don dama hayaniyar tana damunsa. Bayan wata biyu ya gane 'yan hayaniyar su ne masu cin tuwon Zuwaira, su ne masu aski. Albashi kuma ya fara makara. Tela ya kwashe kekensa. Wata safiya Zuwaira ta miƙo makulli.

"Baba Alhaji, jiya ni da kajin maƙwabta muka cinye shinkafar."

Ya san in ta tafi, mai aski zai bi, Modibbo kuma zai zo da sandarsa. Sai ya yi mata abin da makiyaya ke yi wa wanda garkensa ya ƙare: a ba shi aron karsana, ya riƙe 'ya'yan, ya dawo da uwar.

"Riƙe Guntuwa, ba haya, har ta haihu sau uku."

"Baba, shago ne fa."

"Na sani. Ni na sayar da uwarsa."

Masu gidajen haya suka yi ta dariya a masallaci. Zuwaira ta koma dafa wa direbobi da leburori, ƙamshin miya ya riƙe mai aski, mai aski ya jawo mai gyaran rediyo. Kafin damina biyu shaguna biyar sun cika, Zuwaira ta dawo da haya da kanta.

Na shidan ma ya samu mai shi. Modibbo ne ya kama, yana ajiye dusa da harawa, kuma bai taɓa makara da haya ba. Alhaji yakan nuna wa baƙi wannan a matsayin shaidar cewa shi ya ci gardamar.

Shanun Modibbo yanzu tamanin ne. Shagunan suna nan shida.