Ragon Layya a Gidan Masu Gadin Daji

Duk wanda ya san ni a La Courneuve ya san in ana maganar gashin rago, sai a matsa a ba ni wuri. A Maraɗi na tashi, a gidan da ake jera raguna kan sanduna kewaye da wuta guda, kuma tun ban fi akuya tsawo ba nake juya su. Na sha faɗa wa mutane cewa ko cikin ruwan sama na hura wuta sai ta kama. Shi ya sa da Baba Alhaji Lawali, kawun matata Rabi, wanda ya zo Paris ganin likitan ido, ya ce Babbar Sallah za ta riske shi a hawa na tara ba wuta ba hayaƙi, karo na farko tun da aka haife shi, sai na bugi ƙirji. Na ce, "Baba, bana za ka ci gashin layya irin na gida, ko Faransa ta so ko ta ƙi."

A bene dai ba a hura wuta, ko turaren wuta Rabi ta sa sai na'urar hayaƙi ta tara mana jama'a. Sai na nemo a intanet wani tsohon gidan dutse cikin dajin gwamnati, can kan tsaunukan bayan Grenoble. Masu gadin daji ne suka zauna cikinsa tun zamanin kakanni, yanzu ana ba da shi haya. Na ce wa Rabi, "Daji ne, itace ko'ina, ba maƙwabcin da zai buga mana bango." Ta ce, "Malam, ka karanta dokokin wurin?" Na ce na duba hotunan da kyau.

Daga La Courneuve zuwa Lyon

Washegarin Sallah muka fita bayan asuba, gari bai waye ba. Ni da jakar yaji da gishiri da wuƙaƙe da aka naɗe cikin tawul, Rabi da kwanon dambu, Baba da sandarsa da baƙin tabaran da likita ya ce kada ya cire. Muka shiga metiro har tashar Gar de Lyon ta Paris, muka kama jirgin ƙasa mai gudu. Wajen awa biyu muka yi. Baba ya leƙa taga ya ga shanu cikin ciyawa har gwiwa, ba makiyayi ko ɗaya. Ya ce, "Waɗannan wa ke kiwonsu?" Na ce waya ce aka kewaye su da ita. Ya ce, "To Allah ya sa kada labarin nan ya kai wasu wurare."

Vaulx-en-Velin

A gar ɗin garin Lyon, wato tashar jirgi, Isufu ya tarbe mu, ƙanen abokina ne, yana aiki a wata masana'anta a Saint-Fons. Shi na wakilta ya tsaya mini kan rago, don a nan ba a yanka a tsakar gida, sai a mayanka, a ba ka lamba ka dawo ka karɓi abinka. Muka sha fura a gidansa a Vaulx-en-Velin, sannan muka biya wurin mahauci.

Mahaucin ya ɗaga zarto zai raba ragon, na yi tsalle na riƙe masa hannu. Na ce a bar shi ɗungurungum. Isufu, wanda ke ce mini Gran, wato babban yaya, ya ce, "Gran, ka tabbata? Can fa ba wutar kuran, balle firigo." Na ce, "Firigon me? Kafin la'asar yana kan wuta." Muka naɗe shi cikin zanen gado, muka jera masa ledojin ƙanƙara, muka kwantar da shi a bayan motar Isufu kamar babban baƙo.

Hanyar tsauni

Daga Lyon zuwa Grenoble kilomita ɗari da ɗoriya ne, hanya shimfiɗe, sai tsayawa biyan kuɗin hanya. Daga nan aka fara hawa. Kwana kan kwana, har na rantse mun wuce wata bishiya sau uku. Baba ya daina magana ya koma jan carbi. A ƙauyen ƙarshe muka karɓi lakile, wato makullin gidan, hannun wata dattijuwa mai sayar da burodi, ta ce mu cika butoci a maɓuɓɓugar bayan gidan, kuma mu manta da wayar salula, ba rezo, ba ta kamawa. Sauran hanyar tsakuwa ce, rago na ta tsalle a baya.

Gidan

Gida ne na gaske, bango mai kaurin da ko igwa sai ta yi shawara. Ɗaki biyu, gadaje wani kan wani, teburi mai nauyin raƙumi, fitilu masu cajin rana, da wani baƙin murhun ƙarfe a tsakiya, da itacensa a jere cikin rumfa. A bango akwai hotunan tsofaffin masu gadi, kowa da gashin baki kamar tsintsiya. Baba ya shaƙi iska ya ce, "Yau na san ina da hanci."

Muka yi azahar, na tuɓe riga. Na tsinto busassun rassa na tara a fili, na samo sanduna biyu na gicciya su, na buɗe ragon na ɗaure shi kamar yadda ake yi a gida, na shafe shi da gishiri. Isufu ya ja wa Baba kujera gaban itacen. Tsohon ya gyara zama, ya ce a fara da haƙarƙari. Ashana na hannuna wata koriyar mota ta tsaya.

Mace ce ta fito, da kakin ƴan gandun daji. Ta gaishe mu da ladabi, ta dubi ragon da ke tsaye hannu a buɗe, ta dube ni.

"Monsieur, c'est quoi, ça ?"

Wai mene ne wannan. Na ce Sallah ce. Na yi mata bayani da faransancin da nake ajiyewa don ranar zuwa ofis. Ta ce barka da Sallah, amma ba a hura wuta a fili cikin dajin nan, balle yanzu da komai ya bushe. Ko ƙwayar ashana. Wutar da aka yarda da ita guda ce, ta murhun cikin gida.

Na ce, "Madam, ni da wuta tare muka girma. In na ce mata tsaya nan, nan take tsayawa."

Ta ce duk wanda ya taɓa ƙona daji haka ya ce.

Baba ya tambaya me ake cewa, Isufu ya fassara masa. Sai ya ce, "Sanusi, ko a Maraɗi ƴan gandun daji ba a jayayya da su. Kwance abin nan." Ya ɗauki sandarsa ya shige ciki. Ban taɓa jin nauyin riga a hannu irin na lokacin ba.

Ga halin da muke ciki: rago guda, ƙanƙara ta zama ruwa, ƙudaje sun fara aiko da wakilai, ga tsoho da na ɗauko daga Paris da alkawari. Na gwada bakin tandar murhun, ko cinya ɗaya ba ta shiga sai an lanƙwasa. Na ce mu sauka mu nemi wani fili. Isufu ya ce, "Gran, kafin mu sami filin da ba doka sai mun kai Agadas."

Rabi ta ɗaura zane, ta kwance wuƙaƙena daga tawul, ta ce, "Ku kawo shi kan teburi." Ta sami manyan tukwanen ƙarfe biyu a ƙarƙashin kanta. Ta sa Isufu sara, ni kuma, sarkin gashi, aka ba ni ɗebo ruwa da tura itace. Ta narka kitsen, ta dinga zuba nama kashi-kashi, tana kwashewa tana barbaɗa yaji. Haƙarƙarin ta raba shi ta tura tanda. Murhun nan ya mai da ɗakin kamar Maraɗi a watan bazara, zufa har cikin takalmina.

Ƙamshi ya cika gida. Baba ya fito daga ɗaki da kansa, ya ja kujera kusa da tukunya, tururi ya rufe masa tabarau. Rabi ta miƙa masa hanta da haƙarƙari. Ya ci, ya ci, sannan ya ce, "Haka uwarki take soya shi. Sai ta bar shi ya yi duhu kaɗan." Ya nemi ƙari. Da mai kakin nan ta biyo da yamma ta ga ko mun ji magana, Baba ya ce a zuba mata nata, maƙwabciya ce, tana da rabo. Ta ci tsaye, yaji ya sa ta hawaye, ta ce a ƙara mata ɗaya.

Kafin magariba rago duka ya shiga tukunya ya fito, ko tsoka ba ta lalace ba. Muka kwana biyu. Muka zaga daji, muka ga barewa, na ga wani abu da na tabbata kura ce, Isufu ya ce karen mai burodi ne.

Komawa

Muka share gida, muka kwashe toka, muka mai da lakile tare da ƙullin nama. Isufu ya sauke mu a gar, muka bar wa iyalinsa kasonsu. A jirgi duk wanda ya wuce kusa da jakarmu sai ya rage tafiya. Muka iso La Courneuve bayan la'asar lafiya lau. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, sannan ga Isufu da motarsa, wadda na ji har yau tana ƙamshin rago.

Da yamma maƙwabta suka shigo barka da Sallah, na fara ba su labarin yadda na shirya komai tun daga farko. Baba yana kan tabarma yana sakace. Ya bari na kai tsakiya, sannan ya ce, "Sanusi, Allah ya yi maka albarka, na ci nama. Amma tun da nake ban taɓa ganin mutumin da ya ƙetare ƙasa guda don kawai ya canja wa matarsa madafa ba."