Man Giya a Wuƙar Ashafa

Ashafa mai lemo ya shekara ashirin a bakin tashar Makurɗi da ke Lafiya, kuma duk dukiyarsa faranti ne da wuƙa 'yar ninke. Wuƙar kuwa ta fi shi gata. Shi sai ya kwana uku bai shafa mai ba, ƙafa furu-furu, ita kuwa kullum sai ta sha man gyaɗa a gaɓa, don ruwan lemo yana cin ƙarfe. Ya ce manja na miya ne. Man keken ɗinki kuma sai da roƙo, shi kuwa akwai girman kai.

A daminar 1984 ya kamu da son Rekiya, 'yar Malam Kalilu mai limancin unguwarsu. So ya sa ya yi sakaci, man gyaɗa ya daskare ya yi danƙo, wuƙa ta ƙi buɗuwa. Ga shi an ce Malam zai biyo ya ga sana'ar mai neman 'yarsa.

Iorliam, bakaniken da ke gefensa, ya ɗiga mata wani mai kauri.

"Wannan na giyar mota ne," in ji Iorliam da gurguwar Hausarsa. "Wuƙa naka zai buɗe kamar sabo, no wahala."

Ta buɗe kuwa. Malam ya iso, Ashafa ya durƙusa ya gaishe shi, ya fere lemo mafi girma, ɓawon ko tsinkewa bai yi ba. Malam ya tsotsa, ya yamutsa fuska.

"Me na ji haka a lemon nan?"

"Allah gafarta Malam, ɗan man giya ne na sa wa wuƙar."

"Giya?"

"Kaɗan ne, Malam. Iorliam ne ya sam mini, shi da galan yake saye."

Malam ya tofar, ya yi ta istigfari, ya kuskure baki har ruwan butar wani mai shayi ya ƙare. Ashafa ya bi shi yana cewa ta mota ce, Malam ya ce ko ta jirgi ce ba a gidansa ba.

Abin ya yi wa Ashafa ciwo ƙwarai, har ya tsufa bai daina zancen ba. Ya koma wa man gyaɗarsa, yana goge gaɓar duk Juma'a. Bayan sallar layya aka ɗaura wa Rekiya aure da wani direban garin Shabu, mutumin da tun safe har magariba ba abin da yake yi sai sa giya.