Abin da Shagon Baba Ya Ci

Ƙaurin sandar walda ba ya ɓace mini. Ko yau na wuce inda ake haɗa ƙofar ƙarfe, na shaƙi wannan ƙauri mai kama da na ashanar da aka hure, sai in ga kaina a Samaru, ina 'yar firamare, tsaye a bakin shagon babana da murfin duro a hannu.

Babana mai walda ne, yana karɓar ƙananan kwangiloli. A shekarun da wayar hannu ta fara shiga aljihun mutane, masu filaye a Samaru da Palladan suka duƙufa gina ɗakunan haya na ɗalibai, kowane ɗaki kuwa yana son ƙofa da taga. Yadda Baba ke yanka farashi ba wuya: kuɗin ƙarfe, kuɗin fenti, sai ya ɗora ladan hannunsa. Shi ya sa ya fi kowa araha, ya fi kowa aiki, kuma ya fi kowa mamakin inda kuɗi ke shiga. Da aka yi wani dogon yajin aiki a jami'a, gari ya mutu, gine-gine suka tsaya, sai ya yanke shawarar sayar da janareta bayan Kirsimeti, ya tafi Abuja aikin gini. Ba a faɗa wa yara ba. Ni dai na ga sabuwar jakar gana-masgo a ƙarƙashin gado, na kuma ji Mama tana tambayarsa ko zai riƙa zuwa gida duk wata.

A ƙarshen daminar nan Kaka, mahaifin Mama, ya zo daga ƙauye jinyar ƙafa. Kullum da hantsi sai a sa masa benci a inuwar shago, ya juya wa tartsatsi baya. Ka san yadda ake tsakanin surukai. Baba zai tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya gaishe shi, Kaka ya amsa yana kallon wani wuri, magana ta ƙare. Ba yadda za a yi ya ce wa mijin 'yarsa lissafinka bai cika ba. Amma ni jikarsa ce, tsakaninmu sai wasa, amarya ma yake ce mini.

"Amarya, zo mijinki ya tambaye ki," ya ce wata rana, da muryar da ta fi ƙarfin wanda ke kusa. "Wannan sa na babanki da ke kuka a bayan shago, me yake ci?"

Na ce, "Tsoho, ido ma ya tafi ke nan? Janareta ne, gas yake sha."

"To, wa ke biyan abincinsa?"

Gudumar Baba ta tsaya, sannan ta ci gaba.

Kaka ya yi shekaru yana yi wa mutane huɗa da shanu. Ya ce mini sa a damina kawai yake jan garma, amma da rani ma sai ya ci harawa, ya lashi kanwa, in ya kwanta a nemo masa magani. Wanda ya karɓi kuɗin huɗar yini bai sa abincin rani a ciki ba, baɗi da hannu zai yi huɗa. Daga nan ya ba ni aiki, ladana rake. Akwai wani tsohon duro a gefen shago. Ya ce daga yau har wata ya zagayo, duk abin da shago ya cinye kada a yar da gawarsa, a kawo mini in jefa a ciki. Abin da ba shi da gawa, kamar kuɗin acaɓa, ko abincin yaran shago, ko galan na gas, sai in sa alama: tsakuwa, marfin kwalba, ƙwallon dabino.

Ban taɓa samun sarauta irin wannan ba. Ana tashi daga makaranta nake rugowa, ko kayan makaranta ban cire ba. Guntayen sandar walda, faifan yanka ƙarfe da ya cinye, burushin fenti da ya sandare, fulogin da ya mutu, baƙin gilashin da ya fashe, duk nawa ne. Yaran shago suka sa mini suna kwastan, don ba mai fita ban duba hannunsa ba. Ƙannena suka nemi in ɗauke su aiki, na ɗauke su da sharaɗi. Baba yana yi kamar bai san ana yi ba. Sai ran nan na ga ya kankare katin waya, ya loda, ya zo wucewa ya saki katin a cikin duro, bai kalli kowa ba. Na ruga na raɗa wa Kaka. Ya ce, "Ki yi shiru, kifi ya fara taɓa ƙugiya."

Ranar Lahadin da wata ya cika, bayan an taso daga coci, muka shimfiɗa tamfol a tsakar gida, aka kifar da duro. Ƙarar da ya yi ta fito da maƙwabta. Kaka ya ce ƙafarsa ta motsa, ya shige ɗaki ya bar wa surukinsa fili, amma ya bar taga a buɗe. Muka ware kaya tuli-tuli. Baba yana faɗin kuɗin kowane abu, Mama tana haɗawa, ni ina ƙirga tsakuwa. Suka kawo kuɗin hayar shago na shekara, suka raba shi wata-wata. Suka sa gyaran janareta, da kuɗin mai gadin layi. Har sun ɗauka an gama, sai murya ta fito ta taga.

"Amarya, ki tuna musu da rani."

Rani a Samaru shi ne hutu da yajin aiki, watannin da ba a buga ko ƙusa amma haya tana tafiya. Suka ɗora nauyin waɗannan watanni a kan watannin aiki, sannan suka raba jimlar a kan yawan ƙofofi da tagogin da shago ke fitarwa a wata. Abin da ya faɗo wa kowace ƙofa ya kusa cinye ladan hannun da Baba ke ɗorawa. Ya daɗe yana kallon tulin, sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Ashe ni nake biyan mutane su ba ni aiki," in ji shi.

Gwajin bai daɗe ba ya zo. Wata 'yar kudu mai sayar da atamfa a Sabon Gari, wadda Baba ya taɓa yi wa aiki, tana gina ɗakuna a Palladan. Ta zo shago da jakarta a hammata. Baba ya faɗi sabon farashi. Ina bayan duro na kasa kunne, don na san jakar ƙarƙashin gado tana jiran amsarta.

"Oga mai walda, ƙarfe ne ya tashi, ko kai ne ka tashi?"

"Madam, ƙarfe yana nan inda yake. Janareta ne ya ce shi ma a sa shi a lissafi, da haya, da yaran nan."

"Da can ba sa cin abinci?"

"Suna ci. A aljihuna."

Ta yi dariya. Ta ce ita ma duk turmin da ta sayar akwai hayar shagonta a ciki, amma wannan bai hana ta neman ragi ba. Ta taya, Baba ya ce albarka. Ta kai bakin titi ta dawo, ta sake tayawa, ya rage abin da ya shafi ladansa, ya ƙi taɓa abincin sa, wato kuɗin janareta da haya da yara. A ƙarshe ta ba shi ƙofofi, ta kai tagogi wurin wani mai araha. Rabin aiki ke nan. Amma da aka gama, aka biya ƙarfe, aka biya yara, aka cika galan, abin da ya rage ya fi na duk kwangilar da ya taɓa yi. Kirsimeti ta zo ta wuce. Mama ta zuba barguna a jakar nan, ta ɗora ta kan kwaba.

Baba da Kaka ba su taɓa yin maganar a tsakaninsu ba. Sai da Kaka zai koma ƙauye, Baba ya ƙera kujerar ƙarfe mai wurin miƙe ƙafa, ya ce in kai. Kaka ya zauna, ya jijjiga ta, ya ce, "Amarya, tambayo min nawa ne." Na je na dawo da amsa: Baba ya ce a gaya muku an riga an raba kuɗinta a kan ƙofofi. Ranar na ga haƙoran Kaka har na ƙarshe.

Yanzu ƙanena ke riƙe da shagon. A waya yake lissafinsa, yana da kalmomin Turanci na kowane kashi, kuma ba ya kuskure. Surukai ma sun daina kallon gefe, tare suke kallon ƙwallo. Ban ce an yi asara ba. Sai dai duk sa'ad da na je Samaru na tarar da Baba a kan kujerar nan, wadda aka dawo da ita bayan rasuwar Kaka, ya miƙe ƙafa yana sauraron ƙanena yana yanka wa wani farashi, nakan ji ya ɗaga murya, ba tare da ya kalle shi ba, ya ce wa 'yata, "Amarya, ki tuna masa da rani."