Anacleto Subia, Mai Bin Inabi Har Ƙololuwar Bishiya

Ba ya hawa sai rana ta taɓa jan dutsen da ke hayin kogi, domin ya ce reshe mai raɓa ba ya ga maciji da tsoho. Kafin nan za ka same shi a gindin bishiya, yana taunar ganyen koka irin na mutanenmu, yana wasa almakashi yana zagin jakinsa. Sai ya jingina dogon tsani, ya tuɓe takalmin taya, ya yi alamar gicciye, ya hau. Haka na san Anacleto Subia tun ina budurwa. Bana gwiwa ta ce masa ya isa, shi ya sa na ce bari in rubuta abin da idona ya gani.

Inabinmu na kwarin Cinti bishiyar molle yake bi ya hau, yadda kakanni suka bar shi. Wata kurangar ta fi cinyar mutum kauri. Mai yi masa aski ko tsinkarsa sai ya bi shi sama. An yi zamanin da ba mai so. Samari suka tafi Ajantina, maƙwabta suka sare bishiyoyi suka yi gawayi, ruwan inabinmu kuwa direbobi ake ɗura wa a tsofaffin jarkoki. Anacleto bai daina hawa ba. Gonar wadda mijinta ya rasu, gonar wanda ya tafi bai waiwayo ba, duk yana bi yana gyarawa. Ana ce masa biri, shi kuma ya ce, "Birin ai ya fi ku, ya san inda abinci yake."

Shi ya riƙe 'yarmu Marisel ranar baftisma, don haka muke kiran juna compadre da comadre. Mijina Hilarión abokin hawansa ne. Bara waccan, ana tsakar tsinka, reshe ya karye da Hilarión a babbar bishiyar da ke ƙofar gidanmu. Anacleto ne ya sauko ya ɗauke shi. Ba su kai asibiti ba ya cika.

Da aka gama addu'o'i na aika aka kira shi, na miƙa masa gatari.

"Compadre, sare min ita. Ba na so in buɗe ƙofa in gan ta."

"To, comadre. Amma da sauran inabi a kanta, kuma Hilarión ya sha wahalarsa. Bari in sauke."

Ya sauke. Na sake fito da gatari, ya ce wata ya cika, itacen da aka sara yanzu ruɓewa yake. Da wata ya ragu, ya ce bayansa ya riƙe. Da bayan ya saki, ya ce gatarin ya dakushe, ya tafi da shi wasawa.

"Tsohon maƙaryaci," na ce masa.

"Ni ma na ji ana faɗa. Da sauran miyar gyaɗar nan?"

Da sanyin Agusta ya zo, ya hau ya yi mata aski ba tare da ya tambaye ni ba. Na daina gaishe shi. Kai ne ka jure wannan, compadre. Kai ne kake wucewa ta ƙofata kana cire hula, ina kau da kai, gobe ka sake cirewa. Sau ɗaya kawai ka yi magana, ta bayan danga: "Ni ma na taka reshen nan da safiyar ranar, comadre. Bai nuna min komai ba." Ka tsaya kana share ido da hula. Sai a ranar na tuna ba ni kaɗai na yi rashi ba.

Yanzu duniya ta juyo. Mutane na zuwa daga birnin La Paz, har daga ƙetare, suna cusa hanci a kofi suna tambayar ruwan inabin kan bishiya. Marisel ta dawo daga garin Tarija inda ta koyi aikin haɗa ruwan inabi, tana zuba namu a kwalba da sunan ubanta a jiki. Sai dai masu hawa sun ƙare. Bana ta ce min, "Mama, ubana na baftisma zai koya min hawa."

Na ce sai dai bayan raina.

Anacleto bai bi ta bayan idona ba. Ya zo ya zauna. "Gatari na ɓoye miki, comadre, amma ba zan yi miki dabara da 'ya ba. In kin ce a'a, a'a ne. Ki dai sani, bishiyar da ba a hawa, inabin shaƙe ta yake, su mutu tare."

Na ɗauki tsintsiya na ci gaba da shara. Kullum da safe sai in gan su a gindin bishiyar, tsani kwance a ƙasa, yana nuna mata da kara reshen da ke ɗaukar mutum da wanda ke yaudara. Ba wanda ya taɓa tsanin. Lokacin aski yana ta wucewa, idon kuranga ya fara kumbura, amma ba su matsa min ba. Wata safiya na ajiye tsintsiya, na je na ɗaga tsanin da kaina.

"Ku tashi. Kai kuma in ta faɗo, da hannuna zan shaƙe ka."

"Na yarda. Riƙe da kyau, kuma kada ki rufe ido."

Na gode, compadre, da ƙaryarka da gaskiyarka. Allah ya sassauta maka gwiwar nan. Ku masu ɗaga kofi a birni, ku riƙa tambayar wa ya hau. Ku kuma da kuka iya wani aiki da ake yi wa dariya, ku riƙe shi kamar yadda ya riƙe, ku miƙa shi tun kuna da baki.

Marisel tana sama yanzu kusan kullum, shi yana ƙasa yana mata tsawa. Ni ce a gindin tsani. Har yau ban saki ba.