Yatsan da Inna Maiturare Take Bari

A garin Zango babu amaryar da ba ta san hannun Inna Maiturare ba. Shekara talatin da biyu ke nan tana ƙunshi. Ta gaji sana'ar wurin uwarta Kande, wadda tana cikin matan da suka fara jefa ƙuri'a lokacin da aka buɗe wa matan Arewa ƙofa. Da Kande za ta rasu, ƙwaryar kwaɓa lalle ta bar mata da wasiyya guda: kada ranar zaɓe ta same ta a ɗaki.

Wata shekara bikin Ikilima, 'yar ƙaninta, ya faɗo saura kwana uku zaɓe. Maiturare ta yi wa mata ashirin da shida ƙunshi, lalle ya kama baƙi ƙirin. Ranar Asabar suka yi layi a firamare, na'urar tantance masu zaɓe ta ƙi karanta yatsun mata goma sha bakwai, har da nata. Aka ce su goge. Suka sa toka, suka sa lemon tsami, har aka rufe rumfa ba su jefa ba. Ta koma gida ba ta zargi na'ura ba, ƙwaryarta ta zarga.

Tun daga nan, idan zaɓe ya rage wata guda, sai ta naɗe wa kowace mace babban yatsa da tsumma kafin ta shafa lalle. Amare kan yi mita, wai ta bar musu yatsa tsirara.

"Ango ba zai ƙirga ba, 'yar nan," takan ce. "Na'ura ce mai ƙirgawa."

Bana ta ji a rediyo cewa kwamiti zai zauna a Daura jin ra'ayin jama'a kan gyaran tsarin mulki. Ta hau motar kasuwa da sassafe. Maza suka yi ta magana kan ƙarfin majalisa da 'yancin ƙananan hukumomi har azahar, sannan aka ba ta minti biyu. Ta ɗaga hannunta, yatsu huɗu jajaye, ɗaya fari, ta ba su labarin matan nan goma sha bakwai.

"Ranka ya daɗe, a rubuta: duk wanda ya zo da katinsa, kada a mai da shi gida saboda lalle ko kantar hannu."

Aka ɗan yi dariya. Shugaban zama ya ce ai yanzu na'urar har fuska tana dubawa. Ta ce ta sani, amma na'ura akan sauya ta, doka ce take zama. Ba ta sauka ba sai da magatakarda ya karanta mata abin da ya rubuta.

Ko maganar za ta shiga kundin, ba ta sani ba. Tsumman dai yana nan cikin ƙwaryar Kande, a wanke, a ninke.